Kada Ka Taɓa Muryar Nan

Ranar Litinin, daga masaukinmu

Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina nan lafiya. Ya gida, ya 'yan ajinki masu cika kunne? Ya ƙafar nan taki, tana nan tana kumbura in kin daɗe a gaban allo? Ki gaishe min da Babba da mijinta idan ta leƙo. Auta kuma in ya bugo daga jami'a ki ce masa ina sa masa albarka, ya rage yawo.

Na san sai kin juya takardar nan gaba da baya kafin ki yarda daga gare ni take, don rabon da in rubuta miki wasiƙa tun ina zaryar gidanku da aron takalmi. Dalili shi ne wayar jiya. Sau huɗu kina cewa ba ki ji ba, har kika ɗora wa sabis laifi. Sabis lafiyarsa ƙalau, muryar ce ta ƙara dishewa. Direban da yake kawo mana kayan aiki yana bi ta bakin layinmu duk mako, ya ce zai riƙa miƙa miki saƙo ya karɓo naki. Roƙona ɗaya, kada ki ɗauko jan biron nan naki, na san rubutuna ba zai ci rabin maki ba.

To, albishirinki. Ki nemi wuri ki zauna tukuna.

Shekara talatin da huɗu ke nan ina wannan sana'a ta fim, ke kin fi kowa sani. Na yi mai gadi har sunan ya bi ni, na yi direba alhali ko keke da ƙyar nake tuƙawa, na yi masinja, na yi ɗan sandan da barci yake ɗaukewa a kan benci, na yi maƙwabcin da yake leƙe ta katanga. An kashe ni sau tara, biyu daga ciki ma ba a nuna fuskata ba, ƙafafuna kawai aka ɗauka. Wannan karon ma buɗe ƙofa aka kira ni in yi, kwana biyu in koma gida. Sai wanda aka ba matsayin uban gida, wato babban mutumin cikin shirin, ya samu saɓani da furodusa ya tattara kayansa ya tafi, aka bar mutum talatin zaune ana kallon juna.

Ana cikin haka aka ce a rage zafi a ɗauki nawa. Mota ta tsaya, na buɗe get, na ce sannu da zuwa kamar yadda na saba. Mai sauti, wani dattijo mai furfura da muka sha haɗuwa a wurin aiki, ya cire abin kunnensa ya yafito Darakta, ya ba shi ya saurara. Aka ce in sake. Na sake. Aka miƙo min takardar uban gida aka ce in karanta shafi ɗaya. Da na gama, Darakta ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina, alhali fim shida muka yi tare. Wai murya ce ta mutumin da ya haɗiye baƙin ciki shekara da shekaru, wai ita yake nema wata biyu bai samu ba. Malama, dishewar nan da kike ta min faɗa a kanta tun kafin in taho, ita ce ta jawo min wannan rabo.

Shiri ne mai dogon zango da za a nuna a talabijin, kuma fitowata arba'in. Arba'in! Ni da in na samu uku nake dawowa gida ina miki iyayi. Ina da ɗaki a cikin labarin, ina da mata da 'ya'ya, ina da kujera tawa a falo wadda ba wanda yake zama a kanta. Da za mu tashi Darakta ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, kada ka taɓa muryar nan. Ka bar min ita yadda take har mu gama."

Ban manta alkawarin da na yi miki na zuwa asibiti ba. Aikin sati bakwai ne. Ranar da muka gama, ke da kanki za ki kama hannuna ki kai ni, ba zan yi miki gardama ba. Ki aiko min da riguna biyu da tabarau ɗina na karatu, yana kan firij.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Mai Gadi


Ranar Talata, sati na uku

Malama,

Ina gaishe ki da kyau, ya aiki, ya fama da yara? Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, riguna da tabarau da kwalbar zuma da citta, har da takardarki mai shafi uku wadda shafi biyu da rabi duk faɗa ne. Na karanta ta sau biyu, faɗan ma daɗinsa na ji.

Zumar dai ban sha ba, kuma sai na yi miki bayani kada ki ce na raina. A aikinmu ba a ɗaukar labari a jere. Yau sai a ɗauki fitowa ta talatin, gobe ta biyu, jibi ta goma sha bakwai, gwargwadon ɗakin da aka kafa fitilu a ciki. Saboda haka akwai wata mata mai tabarau da muke kira Mai Littafi. Aikinta ta rubuta komai: hular da ka sa, hannun da ka riƙe kofi da shi, ko maɓallin rigarka na sama a ɓalle yake. Idan na fita daga falo ranar Litinin, aka ɗauki shigata ɗaki bayan sati uku, dole mai kallo ya ga mutum ɗaya ne cikin daƙiƙa ɗaya. Ta ga kwalbar a hannuna ta tambaye ni ta mece ce. Da na faɗa mata, sai ta zaro ido ta ce in murya ta washe a tsakiyar aiki ya za ta yi da fitowa goma sha huɗun da aka riga aka ɗauka? Mutum ya fita daga falo da murya a dishe ya shiga ɗaki tana tar? Ta karɓe kwalbar ta sa a jakarta, wai ajiya take min. Ba mugunta ba ce, wallahi, ni ma da ni ne ita haka zan yi.

Bari in ba ki dariya. Ashe zama ma sai an koya. Ranar farko an ce in zauna a kujerar falo, yaron da yake fitowa a ɗana zai shigo in yi masa faɗa. Yana turo ƙofa sai ga ni tsaye, hannu a baya. Darakta ya yi ihu a tsaya. Aka sake, na sake miƙewa. Sau biyar, Malama! Jikina ya saba in mai tsadar kaya ya shigo a miƙe masa. A ƙarshe mai kyamara ya ce ko a ɗaure ni da igiya ne. Wata rana kuma muna fita da matata ta fim, na yi wuf na riga ta na buɗe mata ƙofar mota har da ɗan rusunawa. Ta yi dariya har kwalliyarta ta ɓaci, ta ce, "Haba Alhaji, motarka ce fa!"

Amma yanzu na zauna daram. Jiya na yi wata magana mai tsawo a kan tebur, da na gama sai na ga mai riƙe da sandar makirufo yana share ido da kafaɗarsa, don hannuwansa duka suna sama. Tunda nake ban taɓa sa mutum kuka ba, dariya kawai ake min. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado na rasa abin da yake min daɗi.

Kin tambaye ni ko ina cin abinci. Ina ci, sai dai mai ruwa-ruwa, don haɗiya tana ɗan min wuya, kamar akwai ƙaya a gefen hagu. Na ɗan faɗa, har mai kula da kaya ta ce wuyan rigata ya yi min yawa, ba haka yake a hotunan satin farko ba. Ta ɗinka min wata 'yar shara mai soso a ciki da kafaɗa, ina sawa a ƙarƙashin riga. In kin gan ni a cikinta sai ki rantse na fi da ƙiba.

Kada ki damu, saura sati huɗu. Ki gaida maƙwabta.

Naki har kullum,
Mai Gadi


Ranar Asabar

Malama,

Ina fata kin tashi lafiya, ke da duk wanda yake gidan. Na so in jira direba ya zo ranar Talata kamar kullum, amma na ba wani mai zuwa wajenku takardar nan yau, don abin da zan faɗa miki ba na son ya kwana a cikina. Ki karanta ke kaɗai.

Shekaranjiya muna ɗaukar wurin da uban gida yake korar ɗansa. Dole in ɗaga murya, ni kuwa kwana biyu in na ɗaga sai ta tsinke. A karo na uku na tattaro duk ƙarfina na daka tsawar, ta fita, sai tari ya sarƙe ni. Ban tsaya ba, don ba a ce a tsaya ba, kin san mu, ko rufi ne ya faɗo sai Darakta ya yi magana. Na ciro hankici na toshe baki, da na janye shi sai ga jini, ba kaɗan ba. Mai kyamara ya matso da kyamara kan hankicin. Yaron da yake ɗana ya ƙwalla "Baba!" ya durƙusa, shi ma yana cikin wasa. Da Darakta ya ce a tsaya, sai ɗaki ya ɗauki tafi. Darakta ya rungume ni, ya juya yana yaba wa mai kwalliya, wai yaushe ta haɗa jinin nan ba ta faɗa masa ba, wai kalarsa ta yi daidai. Yarinyar ta tsaya da buroshi a hannu ta ce ita ba ta ba ni komai ba.

Kowa ya juyo yana kallon hankicin. Ni kuma abin kunya, abin da ya fara zuwa raina shi ne ko ɗaukar ta yi kyau.

Mai sauti ne ya ja ni waje bayan janareta. Ya ce shi sati biyu ke nan yana jin wani fito siriri a numfashina ta abin kunnensa, wanda babu shi a satin farko, yana ta rage shi da na'ura yana cewa ko iska ce. Ya ce ya cuce ni da ya yi shiru. Jiya da safe ya sa ni a motarsa ya kai ni wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Likitan ya zura min wani siririn abu mai fitila ta hanci, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni wata nawa da dishewar, na ce kusan biyar. Ya ajiye abin ya tambaye ni me nake jira. Ya ce akwai ƙari a daidai inda murya take fitowa, shi ba zai kira sunansa ba sai an gwada, amma in tafi babban asibiti cikin satin nan, ba sati mai zuwa ba. Ya rubuta takarda ya ba ni, tana aljihuna.

Malama, saura fitowa goma sha ɗaya. Kwana goma ne in an matsa. Darakta da ya ji bai ce in zauna ba, bai kuma ce in tafi ba. Ya riƙe kai ya ce lafiya ta fi komai, sannan ya juya yana kallon allon da aka jera ranakun aiki. Ni na ce masa zan ƙarasa. Ya ce to za su sa ciwon a cikin labari, uban gida ya riƙa tari daga nan har ƙarshe, Mai Littafi ta buɗe sabon shafi ta rubuta a wace fitowa tarin ya fara.

Na san abin da za ki ce, ina jin muryarki a kunnena tun kafin ki buɗe baki. Ni ma na faɗa wa kaina. Na ɗauki jakata jiya da la'asar na kai har bakin titi, mota biyu suka tsaya ban shiga ba. In na tafi yanzu, fitowa ashirin da tara sun tashi a banza, a kira wani ya zauna a kujerar a sake daga farko, ni kuma in na warke a kira ni in buɗe masa get. Ƙafata ta ƙi, wallahi ta ƙi. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma na kasa tafiya.

Don Allah kada ki faɗa wa Babba, ga ta da tsohon ciki. Kada kuma ki taho. Kwana goma kawai nake roƙo. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mai Gadi


Ranar Alhamis

Malama,

Ina gaisuwa. Takardarki ta zo, layi huɗu, ko gaisuwa babu. Na cancanta.

Kin ce ke mai gadi kika aura, kuma mai gadi mai rai ya fi miki uban gida a talabijin. Kin ce in don yara nake yi, su ba su taɓa jin kunyata ba. Gaskiyarki. Na so in ce don su ne, don Auta da aka riƙa tsokana a makaranta ana ce masa ya zo ya buɗe ƙofa. Amma Auta ya manta da wannan tuni, ni ne ban manta ba. Don kaina na yi. So nake sau ɗaya a duniya a ga abin da zan iya.

Kwana goman sun zama sha biyu, kuma ban gama ba. Mun ɗauki takwas, kowacce da ƙyar, mai sauti yana matso da makirufo har yana taɓa hulata. Saura uku, su ne na ƙarshen labari, inda uban gida yake tara iyalinsa ya nemi gafararsu. Shafi biyu ne, na haddace su tun satin farko, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su. Jiya aka kunna fitilu, kowa ya zauna a wurinsa, matata ta fim ta riƙe hannuna, aka ce bismillah. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Aka ba ni ruwan ɗumi. Mai Littafi da kanta ta ciro kwalbar zumarki daga jaka, ta ba ni cokali biyu. Sau goma sha huɗu muka gwada. A na ƙarshe numfashin ma ya fara gagarata, sai da aka kwance min 'yar sharar soson nan aka yi min fifita.

Darakta ya ce a kashe fitilu. Ya ce in je in yi magani, za su jira ni, ukun nan ba inda za su. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Gobe da safe mai sauti zai kai ni babban asibiti. Ki same ni a can, ki taho da katin shaidata da bargon nan mai ruwan toka. In kin zo ki yi faɗan, kada ki yi min shiru, shirunki ya fi min ciwo.

Naki,
Mai Gadi


Ranar Lahadi, daga gadon asibiti

Malama,

Barka da hantsi. Ya gajiyar jinya, ya bayanki da kwanan kujera? Kin tafi gida ki yi wanka ki dubo Babba da jaririnta, kin ce ba za ki wuce awa uku ba. Na roƙi nas takarda, don allon nan da kika kawo min daga ajinku ba ya ɗaukar fiye da "ruwa" da "ɗaga min filo", ni kuma maganar da ke cikina ta fi haka. Zan sa miki ita a jakarki, ki karanta a inda ba na ganin fuskarki.

Yau kwana tara da tiyata. Na san kin ji abin da babban likita ya faɗa ran da sakamako ya fito, don na ga kin juya kina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ya ce da na zo wata huɗu da suka wuce, da haske kawai za a gasa wurin, murya ta tsira. Ko ran da likitan farko ya ba ni takarda na taho, da wataƙila rabin wurin muryar za a cire, ba duka ba. Wata huɗu da suka wuce kuwa shi ne ranar da kika tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu kika ce wannan dishewar ba ta mura ba ce. Tun ranar har yau ba ki ce min "ai na faɗa maka" ba. Da kin faɗa da na samu sauƙi.

Akwai abin da yake cina. Da safen da za a shiga da ni, nas ta ce mana in akwai maganar da zan yi in yi yanzu, ta fita ta ja mana ƙofa. Kin sunkuyo da kunnenki daidai bakina. Ina da ɗan raɗa da ya rage, na jimla ɗaya ko biyu. Shekara talatin da ɗaya muna tare, abin da zan faɗa miki ya fi a ƙirga, ban kuma taɓa zama na faɗa ba, kullum sai in mayar da shi wasa. Sai na ji bakina yana tambayarki wa zai riƙe miki aji. Kika ce an samu. Shi ke nan, aka turo gado. Na ƙarar da muryata a kan maganar da wani ya rubuta, ina faɗa wa matar da ba tawa ba, ke kuma da na zo kanki abin da ya rage ke nan. Ki yafe min, Malama. A takarda nake roƙonki, don ba ni da wata hanya.

Yanzu ga abin da ban faɗa miki ba. Jiya da kika sauka karɓo magani, mai sauti ya zo. Lemon da kika gani a kan lokar gefen gado shi ya kawo, ya manta ba na iya sha. Ya zauna yana ta juya hularsa, yana ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda motarsa ta lalace. Na rubuta masa a allo: saura uku. Ya karanta, ya goge da hannun rigarsa, sannan ya faɗa min.

Gidan talabijin sun sa ranar fara nunawa, ba za a iya jira ba, kuma yanzu kowa ya san ko an jira ba abin da zai dawo. Hoton fitowa ukun nan yana nan, tunda an ɗauki bakina yana motsi har sau goma sha huɗu, murya ce babu. Sai suka nemo wani mai karanta sanarwa a rediyo da ya iya kwaikwayo, ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya matse maƙogwaronsa da yatsu biyu, ya karanta a kan bakina. Mai sauti ya ce mutumin ya yi ƙoƙari, amma da aka jera tasa kusa da tawa, ko yaro ya san mutum biyu ne. Suka kwana biyu suna gyarawa da na'ura, abu ya ƙi. Ka'ida kuwa tana nan yadda take, uban gida ba zai yi fitowa talatin da bakwai da murya ɗaya ya ƙarasa uku da wata ba. Tunda ba za a iya mayar da tasa ta zama tawa ba, sai aka cire tawa. Duka, tun daga fitowa ta ɗaya. Mutumin ya gama karanta arba'in ɗin ranar Laraba.

Mai sauti ya ce shi aka sa ya yi aikin da hannunsa, layi bayan layi. Ya ce Darakta ya so ya zo, ya kai har ƙofar asibiti ya kasa shigowa. Yana faɗa yana kuka, dattijo da furfurarsa, har na gadon kusa ya ɗauka rasuwa aka yi min. Na so in ce masa ba komai, ba laifin kowa ba ne, in da ni ne a wurinsu abin da zan yi ke nan. Na ɗauki alli na rasa ta inda zan fara, sai na dafa gwiwarsa kawai har ya tashi.

Ban yi fushi ba, na nemi fushin ma ban same shi ba. Wa zan yi wa? Ina kwance ina kallon silin, iska tana shiga tana fita ta ramin nan na wuyana, ina ta lissafin sati bakwai ɗin nan, na kasa gane me na saya da su.

Za a fara nunawa ranar Juma'a ta sama, bayan labarai. Na san maƙwabta za su cika miki falo, Auta ma ya ce zai zo da abokansa. Ki bar su su kalla, ki ba su ruwa, in sun yaba muryar ki ce kin gode, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Amma washegari da rana ana maimaitawa, lokacin ba kowa a gida. Wannan nake so ki kalla ke kaɗai, ki matso da kujera kusa, ki kashe sautin gaba ɗaya. Fuskar tawa ce, hannuwan nawa ne, bakin ma nawa ne, kuma duk abin da yake faɗa da gaske na faɗe shi. Ki kalli bakina kawai, a hankali za ki fara ganewa. Dama daga yanzu da haka za ki riƙa jina.

Ga nas ta shigo wanke ciwo. In za ki dawo ki taho min da hoton jaririn, da wani allin, wannan ya kusa ƙarewa.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar min ke.

Mijinki,
Mai Gadi